Ɗan ƙyallen da ke tsare ɗinkin tiyata: yadda ake ɗaura shi a bakin na'ura, da abin da ya kamata a tambayi likita

A watan da ya gabata wata abokiyar aikina, malamar lissafi, ta tare ni a ɗakin malamai da takarda a hannunta. Ƙiyasin kuɗin tiyata ne da wani asibiti mai zaman kansa a Tunisiya ya aiko wa yayarta, wadda ƙiba da ciwon sukari suka sako gaba har likitoci suka ba ta shawarar a rage mata girman tumbi. Ta ce, "Malam, kai da kake rubuce-rubuce, duba mini wannan. Kuɗin gado da na likita na gane su. Waɗannan layuka uku fa?" Layukan su ne agrafeuse, chargeurs, da renfort de ligne d'agrafes. Faransancin bai ba ta wahala ba, ma'anar ce ta ɗaure mata kai. "Wai irin abin da muke haɗa takardun jarrabawa da shi za a sa mata a ciki? Kuma mene ne na ƙara masa wani ƙarfi?"

Ni ba likita ba ne, amma tambayar ta sa na zauna na yi karatu. Abin da na fahimta shi ne layi na uku, wato renfort, ɗan siririn ƙyalle ne da ake shimfiɗawa a bakin na'urar kafin ta ɗinke nama. Duk wahalar ƙera shi a wuri ɗaya take: dole ya manne wa na'urar gam har zuwa lokacin ɗinki, sannan ya sake ta gaba ɗaya da zarar an gama.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar ɗinkin tiyata doguwar sanda ce, da mariƙi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma baki mai muƙamuƙi biyu kamar na kada. A muƙamuƙi ɗaya ake saka kwanso, wanda ake kira chargeur da Faransanci, cike da ƙananan ƙusoshi masu ƙafa biyu, yawanci na ƙarfen taitaniyam. Ɗaya muƙamuƙin aikin uwar maƙera yake yi: an fafe masa ƙananan ramuka daidai inda ƙafafun ƙusoshin za su sauka. Likita zai matse naman a tsakani, ya jira kamar daƙiƙa 15 domin ruwan da ke cikin naman ya baje, sannan ya harba. Ƙusoshin su huda naman, su daki ramukan, ƙafafunsu su lanƙwashe su koma siffar harafin B.

Wannan siffa ba ado ba ce. Gurabe biyun da ke cikin harafin su ne ke barin ƙananan jijiyoyin jini su ci gaba da ciyar da gefen naman. Naman da aka shaƙe gaba ɗaya mutuwa yake yi, ɗinkin kuma ya warware.

A irin da aka fi amfani da ita yau, harbi ɗaya yana jera layi shida na ƙusoshi, wuƙa kuma ta bi tsakiya ta raba naman, uku a dama uku a hagu. Tsawon kwanso yakan zama milimita 45 ko 60. Launinsa yana nuna tsayin ƙusa: a tsarin da aka daɗe ana bi, fari yana rufewa a kusan milimita 1, shuɗi a 1.5, kore a 2. Ƙusoshin ba a cire su, nama ne ke rufe su su zauna har abada.

Dabarar ta haura shekara ɗari. A 1908 wani likitan fiɗa a Budapest ta ƙasar Hungari, Hümér Hültl, tare da maƙerin kayan asibiti Victor Fischer, suka ƙera ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku, kuma jera mata ƙusoshi kan ci kusan awa biyu. A 1921 ɗan ƙasarsu Aladár Petz ya fito da wadda ta fi sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Tarayyar Sobiyet ta karɓi ragamar binciken. A 1958 likitan Amurka Mark Ravitch ya ga ana yanke huhu da ita a Kiev, ya sayi ɗaya a Leningrad ya koma da ita gida. Daga nan kamfanonin Amurka suka shigo da kwanson da aka riga aka cika tun daga masana'anta, wanda shi ne ake saya yau.

Me ya kawo ƙyalle?

Duk malamin da ya taɓa haɗa takardu masu laushi da ƙusar ofis ya san inda suke fara yagewa: daidai wurin hujin. Mai rufin kwano ma ya sani, shi ya sa ƙusar rufi take da hula, domin nauyin ya bazu kada kwanon ya tsage. Tela kuwa yakan sa shafi a inda yadi ba shi da ƙwari, don kada zare ya ci shi.

Haka abin yake a jikin mutum. Kowace ƙusa huji biyu take yi. Idan naman lafiyayye ne, yakan rungume ƙarfen ya toshe hujin. Idan kuwa ya yi laushi, hujin sai ya buɗe: a huhu iska ta riƙa sacewa, a tumbi ko hanji abin da ke ciki ya riƙa yoyo, ko jini ya riƙa tsattsafowa daga bakin yankan.

A huhu aka fara jin zafin matsalar. Ciwon emfisima, wanda shan taba ke yawan jawowa, yana mayar da huhu kamar tsohuwar leda da ta sha rana. Joel Cooper, likitan da ya jagoranci dashen huhu na farko da ya yi nasara mai ɗorewa a Toronto a 1983, ya farfaɗo da tiyatar yanke ɓangaren da ya lalace a farkon shekarun 1990, lokacin yana aiki a St. Louis ta Amurka. Abin da ya dame shi shi ne iskar da ke sacewa ta hujin ƙusoshi, wadda kan tilasta wa majinyaci zama da roba a ƙirji na tsawon makonni. A 1994 ya wallafa maganin da ya samo: shimfiɗa tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya a kan muƙamuƙan na'urar, ta yadda ƙusa za ta huda tantanin, ta huda huhu, ta sake huda tantanin ɗaya gefen. Naman ya zama a tsakiyar shafi biyu, matsin ya bazu a tsawon layin maimakon ya taru a kan kowane huji.

Da aka shiga shekarun 2000 tiyatar rage ƙiba ta yawaita, sai ƙyallen ya samu sabuwar kasuwa. A irin tiyatar da aka rubuta wa yayar abokiyar aikina, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Layin ɗinkin dogo ne, yakan ci kwanso biyar ko shida, wani lokaci fiye. Kowane harbi kuwa sabon ƙyalle yake so, shi ya sa kuɗin ke taruwa.

Da me ake yin sa?

Iri biyu ne manya. Akwai na jikin dabba, kamar Peri-Strips na tantanin zuciyar saniya, da wani na kamfanin Cook da ake sarrafawa daga tantanin hanjin alade. Ana wanke su da sinadarai har ƙwayoyin halittar dabbar su fita, saƙar kawai ta rage.

Akwai kuma na roba mai narkewa, dangin wadda ake yin zaren ɗinkin ciki da ita. Seamguard na kamfanin Gore yana narkewa a jiki cikin kimanin wata shida zuwa bakwai. Neoveil na kamfanin Gunze na Japan ya fi shi saurin ɓacewa. An karkata ga masu narkewa ne saboda aikin ƙyallen na ƴan makonni ne kawai, har nama ya haɗe. Wanda ya zauna bai narke ba yana iya yin ƙaura: an samu majinyata da suka yi tari suka fito da guntun tantani da ƙusoshi a jikinsa, watanni ko shekaru bayan tiyatar huhu.

Riƙe da saki

A nan ne ainihin wahalar take. Mai karatu ya dubi tafiyar da ƙyallen zai yi. Yawancin irin wannan tiyata yanzu ta ƙananan huji ake yi da kyamara, don haka sai bakin na'urar ya ratsa wani bututu mai faɗin milimita 12 ko 15, wanda ke da murfin roba mai matsewa don kada iskar da aka hura cikin ciki ta fita. Murfin kaɗai ya isa ya tuɓe ƙyallen. Bayan ya shiga, likita zai zura muƙamuƙan a kan jiƙaƙƙen nama mai santsi, ya rufe, ya ga bai yi daidai ba, ya buɗe, ya gyara. Duk wannan lokaci ƙyallen bai kamata ya zame ko ya naɗe ba. Idan ya zame gefe, wasu ƙusoshin za su sauka babu shafi. Idan ya ninku, kaurin wurin ya ninka, ƙusa ba za ta rufe ba, wuƙa ma tana iya cijewa a tsakiyar hanya.

Da zarar an harba kuwa, buƙata ta juye. Yanzu ƙyallen ya zama ɗaya da naman majinyaci. Idan har yanzu yana maƙale da na'urar, buɗe baki da janyewa za su fizgi sabon ɗinkin su yaga abin da aka zo karewa. Kenan ana neman riƙon da ya fi ƙarfin bututu da santsin nama, amma bai kai ƙarfin ɗinki ba. Kamfanoni sun yi rajistar ɗaruruwan dabaru kan wannan, daga ƙananan ƙugiyoyi zuwa ɗigon walda da zafi. Uku ne suka fi zama a ɗakunan tiyata.

Ta farko ita ce safa. Ana ɗinka ƙyallen ya zama kamar hannun riga, a zura shi a kan kowane muƙamuƙi. Ɗinkin gefen irin na bakin buhun shinkafa ne, wanda idan ka san kan zaren, ja ɗaya ya warware shi duka. Zaren dogo ne, yana fitowa har wajen jikin majinyaci. Idan muƙamuƙan sun kama nama, matsin da kansa ya riƙe ƙyallen, sai a janye zaren. Seamguard da Neoveil duk suna da irin wannan. Amfaninta babu gam ko kaɗan. Raunin ta shi ne tana buƙatar hannun ma'aikacin jinya da ya ƙware, kuma zaren kan iya sarƙewa.

Ta biyu ita ce gam. Ƙyallen yana zuwa a shimfiɗe cikin wani faranti na roba mai soso a tsakiya. Ma'aikacin jinya zai sa bakin na'urar ya ciji farantin, ƙyalle ɗaya ya manne a sama ɗaya a ƙasa, ya buɗe ya zare. A da, a Peri-Strips busasshe akan shafa wani man gam da hannu kafin cizon. A wanda kamfanin Ethicon ya fitar a 2020 gam ɗin yana jikin ƙyallen tun daga masana'anta. Wannan hanya tana da sauri, sai dai gam ɗin yana da sharuɗɗa masu tsauri: ya yi aiki cikin jini da ruwa da zafin jiki na digiri 37, ya zama jiki zai iya narkar da shi, kada kuma ya cike ramukan uwar maƙera har ya hana ƙusa lanƙwashewa. Dole a goge bakin na'urar sosai tsakanin harbi da harbi. Ga mu mazauna ƙasashen zafi akwai ƙarin abin lura: kayan da ke da gam ko roba mai narkewa suna da iyakar zafin ajiya da aka rubuta a jikin kwalinsu, kuma shagon da ba shi da sanyi a watan Afrilu yana iya wuce ta.

Ta uku ita ce a ɗaure shi tun daga masana'anta. Kwanson yana zuwa da ƙyallensa a jiki, an gicciya siririn zare a kai da gindi an ɗaure. Idan aka harba, wuƙar da ke tafiya a tsakiya, ko wata ƙaramar wuƙa da aka ɓoye a gaba, ita ce ke datse zaren. Harbi ɗaya ya ɗinke, ya yanke, ya saki. Kamfanin Medtronic, wanda ya sayi Covidien a 2015, yana sayar da irin wannan. Ta rage kuskuren hannu, amma ta ɗaure asibiti ga kamfani ɗaya, domin kwanson wani ba ya shiga na'urar wani.

Inda ake samun matsala

Kaurin ƙyallen bai taka kara ya karya ba a ido, amma ƙusar da za ta rufe a milimita ɗaya da rabi ba ta da sarari. Shafi biyu, sama da ƙasa, suna cinye wani ɓangare na tsayinta. Saboda haka likita yakan hau zuwa kwanso mai dogayen ƙusoshi idan zai sa ƙyalle, musamman a ƙasan tumbi inda bangon ya fi kauri. Wanda ya manta da wannan lissafi ya raunana ɗinkin da abin da ya saya don ƙarfafa shi.

Ƙyallen da kansa ma ya taɓa zama illa. A watan Janairun 2012 Covidien ya janye wani kwanso mai ɗauke da ƙyalle, Duet TRS, daga aikin tiyatar ƙirji, bayan rahotannin mutuwar mutum uku da munanan raunuka 13. Kamfanin ya ce ƙyallen na iya raunata sassan da ke maƙwabtaka da shi a cikin ƙirji. Huhu ba ya tsayawa, yana kumbura yana saɓewa dare da rana, don haka gefen da ya yi tauri zai riƙa gogar abin da ke kusa. Kafin shekarar ta ƙare an daina ƙera shi.

Na'urorin ma ba su tsira ba. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce daga Janairun 2011 zuwa Maris na 2018 ta karɓi rahotanni sama da 41,000 kan na'urorin ɗinkin ciki da ƙusoshinsu, ciki har da mutuwa 366 da munanan raunuka sama da 9,000. Adadin ƙarami ne idan aka gwada da miliyoyin tiyatar da aka yi, amma ya isa ya sa hukumar ta tsaurara sa ido a kansu a 2021.

To, yana aiki kuwa?

Amsar ta danganta da wurin da aka sa shi. A huhun da emfisima ta cinye, gwaje-gwaje sun nuna yana rage kwanakin sacewar iska. A lafiyayyen huhu amfanin bai fito fili ba.

A tumbi masana ba su gama daidaitawa ba. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2016 ya duba tiyata 189,477, inda aka ƙarfafa ɗinki a kusan kashi 80 cikin 100. Zubar jini ta ragu, kashi 0.75 a kan kashi 1 cikin 100. Amma yoyo ya fi yawa a waɗanda aka ƙarfafa, kashi 0.96 a kan kashi 0.65. A 2020 kuma likitan Kanada Michel Gagner da abokin aikinsa suka tattara bayanan majinyata 40,653, suka raba su bisa irin abin da aka yi amfani da shi. Yoyo ya fi ƙaranci a roba mai narkewa, kusan kashi 0.7. Bin layin da zare da hannu ya ba da kusan 1.2, rashin ƙara komai kusan 1.9, tantanin saniya kuma kusan 2.7. Duka nazarin biyu tattara abin da ya riga ya faru suka yi, kuma likita ya fi sa ƙyalle a inda yake jin tsoro tun farko, wanda hakan kan karkatar da alƙaluma.

Abin da aka fi yarda da shi dai shi ne ƙyallen yana rage zubar jini. Hana yoyo kuwa ba tabbas ba ne, kuma ba ya maye gurbin ƙwarewar hannu.

Abin da ya shafe mu

A yawancin asibitocin gwamnati na yankinmu, daga Garwa zuwa Njamena, daga Kumasi zuwa Damagaram, da allura da zare likitoci ke haɗa hanji. Wannan ba koma-baya ba ne da za a ji kunyarsa: a haɗa hanji, bincike bai nuna na'ura ta fi ƙwararren hannu tsaro ba, sauri ta fi shi da isa lungun da hannu ba ya kaiwa. Amma mutanenmu suna tafiya Tunisiya, Masar, Turkiyya da Indiya neman lafiya, asibitoci masu zaman kansu a manyan biranenmu ma sun fara irin wannan aiki, kuma iyali ne ke biya daga aljihu. Ga kuma tarin fuka, wanda kan lalata huhu har a kai ga yanke wani ɓangare. Duk wanda aka miƙa wa irin takardar nan yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya sa hannu.

A tambayi likita kwanso nawa yake sa ran amfani da su, kuma ko kuɗin da aka rubuta ya haɗa da ƙari idan an buƙata. A tambaye shi ko zai ƙarfafa ɗinkin, da wace hanya, kuma don me a wannan majinyacin. Likitan da ya ce zai bi layin da zare maimakon ƙyalle ba rowa ya yi ba, hanya ce karɓaɓɓiya kuma ta fi araha. A tambayi ko ƙyallen na roba ne ko na dabba, kuma wace dabba. Ga Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma tunda akwai na roba, a faɗa tun kafin ranar tiyata, ba bayan an farka ba. A tabbatar kayan sababbi ne a rufe cikin ledarsu, domin kwanso da ƙyalle na amfani sau ɗaya ne. A kuma nemi a rubuta sunan kayan da lambarsu a takardar sallama, don likitan gida ya san abin da ke cikin jikin.

Abu mafi muhimmanci shi ne bayan an dawo. Yoyon tumbi yakan ɓulla ne kwanaki bayan tiyata, wani lokaci majinyaci ya riga ya hau jirgi ya iso gida. Alamar farko sau da yawa bugun zuciya ne mai sauri, sama da 120 a minti ɗaya, tare da zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da numfashi sama-sama. A wurinmu duk zazzaɓi na cizon sauro ake fara zato, a sayi magani a kwanta. Wanda aka yi wa irin wannan tiyata kada ya yi haka. A kai shi asibitin da ke da likitan fiɗa a ranar, da takardar sallamar a hannu.

Na mayar wa abokiyar aikina takardarta da tambayoyin nan a rubuce a baya, da Hausa da Faransanci. Yayarta ta aika wa asibitin, suka amsa cewa ƙyallen na roba ne mai narkewa, kuma kwanso shida suka ƙiyasta. Iyalin sun kuma ƙara mako guda a kan kwanakin da za ta zauna can kafin ta kamo hanyar gida.